Aure da ɗan Amurka: shin igiyar aure kaɗai na ba da takardar zama?

Shin wanda ya auri 'yar Amurka ya zama ɗan Amurka ke nan? Idan bai zama ba, ko izinin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, ya samu? Wannan tambaya takan taso duk lokacin da hoton wani matashinmu da amaryarsa Ba'amurkiya ya karaɗe Facebook da TikTok, kamar yadda aka gani a Kano a ƙarshen 2020. Nan da nan sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce yaro ya haye, wasu su ce ba so ba ne, takarda yake nema. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne zaton cewa da an shafa fatiha, sauran hawa jirgi.

Ba haka abin yake ba. A dokar Amurka, aure ba ya ba mutum komai kai tsaye: ba biza, ba izinin aiki, balle fasfo. Abin da yake bayarwa shi ne damar a nema maka, kuma wanda ka aura ne zai nema, ba kai ba. Tsakanin ranar da aka shigar da takarda da ranar da mutum zai ce ƙafarsa ta tsaya, shekaru ne, kuma a kowane mataki ana iya cewa a'a. Lamarin kuma bai tsaya kan samari masu auren Turawa ba. Da yawa daga cikin waɗanda abin ke shafa 'yan matanmu ne da aka aura wa 'yan'uwansu mazauna Bronx a birnin New York, ko Greensboro inda 'yan Nijar ke da yawa, suna zaune a gidan iyaye ko gidan surukai suna jiran a ce takarda ta fito.

Biza, girin kad da zama ɗan ƙasa

Abubuwa uku ne daban da mutane ke cakuɗawa. Biza izini ce ta zuwa bakin iyaka, jami'in filin jirgi ne ke da ta cewa ko mutum zai shiga. Girin kad kuwa izini ne na zama da aiki a ko'ina cikin ƙasar ba tare da wa'adi ba, ko da yake katin kansa ana sabunta shi duk shekara 10. Mai shi ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ba ya riƙe fasfon Amurka, kuma ana iya ƙwace matsayin idan ya aikata wasu laifuffuka. Idan ya dawo gida ya share shekara guda ko fiye ba tare da izinin komawa ba, ana iya ɗauka ya yi watsi da zaman. Haka kuma dole ya riƙa bayyana wa hukumar haraji abin da yake samu, har da na shagonsa da ke Kantin Kwari.

Zama ɗan ƙasa shi ne matakin ƙarshe. Mai girin kad yakan jira shekara 5 kafin ya nema. Wanda ke aure da ɗan ƙasa, suna zaune tare, shekara 3 zai jira, sannan ya ci jarrabawar Turanci da ta sanin tarihi da tsarin mulkin ƙasar.

Me ya sa kowa ke maganar hanyar aure?

Saboda sauran ƙofofin ƙanana ne. Tun daga zagayen 2015 aka cire Najeriya daga cacar bizar nan da ake yi duk shekara, domin dokar cacar ta hana duk ƙasar da mutanenta fiye da 50,000 suka samu zama a Amurka cikin shekaru biyar. Hanyar aiki tana bukatar kamfanin da zai tsaya wa mutum. Ɗan ƙasa na iya nema wa ƙaninsa ko yayarsa, amma layin 'yan'uwa ya haura shekara 15. Idan aka kwatanta da waɗannan, hanyar aure gajera ce. Kuma gajartar tata ce ta sa hukuma ta fi sa mata ido.

Auren ɗan ƙasa da auren mai girin kad ba ɗaya ba ne

Wannan ita ce tambayar da ya kamata iyaye su fara yi idan aka ce manemin 'yarsu yana Amurka: ɗan ƙasa ne, mai girin kad ne, ko kuwa ba shi da ko ɗaya?

Idan ɗan ƙasa ne, matarsa tana cikin rukunin da doka ta kira dangi na kusa, kuma babu iyaka ga yawan bizar da ake bayarwa a wannan rukuni a shekara. Jiran da za a yi shi ne na aikin ofis kawai, wanda shi ma yakan wuce shekara. Idan mai girin kad ne, matarsa tana rukunin F2A, wanda aka ware wa gurabe kusan 88,000 a shekara ga duniya baki ɗaya. Idan masu nema suka fi guraben yawa sai a kafa layi, kuma Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka tana fitar da jadawali duk wata da ke nuna inda layin ya kai. Idan mijin ya zama ɗan ƙasa ana cikin jira, sai a ɗaga takardar matar zuwa rukunin farko.

Idan kuwa mutum ya shiga da bizar ziyara ce ya maƙale, ba shi da ikon nema wa kowa komai. Shi kansa nema yake. Akwai 'yan mata da dama da aka yi wa irin wannan aure, miji ba zai iya ɗauko ta ba, kuma ba zai iya zuwa ganinta ba, domin in ya fito ba zai koma ba.

Hanyoyi biyu na nema

Komai yana farawa da fom mai suna I-130, wanda ɗan ƙasar ko mai girin kad ɗin ke shigarwa a hukumar shige da fice ta USCIS, yana cewa wannan matata ce ko wannan mijina ne. Tun daga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 675 ne a takarda, 625 ta intanet.

Idan wanda ake nema wa yana waje, bayan amincewa sai takardar ta wuce cibiyar biza ta ƙasa da ke Portsmouth a jihar New Hampshire. Can ake tattara takardar haihuwa, ta aure, ta shaidar 'yan sanda da ta kuɗin shiga, sannan a tura wa ofishin jakadanci. A Najeriya ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ne ke ganawa da masu neman bizar zama, ba na Abuja ba, don haka 'yar Sakkwato ko Maiduguri sai ta yi tattaki zuwa Legas, ga gwajin lafiya a asibitin da ofishin ya amince da shi.

Idan kuwa mutum yana cikin Amurka, yana iya neman a sauya masa matsayi ba tare da ya fita ba, da fom I-485, wanda kuɗinsa dala 1,440 ne. A nan akwai sharaɗi mai nauyi: sai wanda ya shiga ta halastacciyar hanya, jami'i ya duba shi ya buga masa hatimi. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, idan ɗan ƙasa ya aura, doka takan yafe masa wannan. Idan mai girin kad ya aura, ba ta yafewa. Wanda ya tsallaka ta iyakar Meziko a ɓoye kuwa, a mafi yawan lokuta sai ya fita ya nemi biza daga waje, kuma fitar tana da nata tarko. Wata doka ta 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 3, wanda ya kai shekara guda kuwa sai bayan shekara 10. Ana iya neman afuwa, amma sai an nuna cewa rabuwar za ta jefa mijin ko matar cikin matsanancin ƙunci, ba ƙuncin kewa kawai ba.

Akwai kuma bizar baiko, K-1. Ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya nema, dole su biyun sun haɗu ido da ido cikin shekaru biyun da suka wuce, kuma dole a ɗaura aure cikin kwana 90 da shiga. Wanda aka riga aka ɗaura masa aure a masallaci a gida bai cancanci wannan biza ba, don shi ba mai baiko ba ne, mai aure ne.

Inda aurenmu ke cin karo da dokarsu

A ƙa'ida, Amurka tana karɓar duk auren da ya halasta a inda aka ɗaura shi. Auren Musulunci da aka ɗaura a Zariya ko Damagaram aure ne a wurinsu, ba sai an je rajista an sake ba. Amma akwai wurare huɗu ko biyar da al'adarmu da dokarsu ba sa ga maciji, kuma a nan ne mutanen kirki, masu aure na gaskiya, suke faɗawa rami.

Na farko shi ne wakilci. A wurinmu waliyyin amarya da wakilin ango ne ke zama gaban liman, a ambaci sadaki, shaidu su shaida, amarya tana cikin gida. Sau da yawa ango ma yana can ƙasar waje, ta waya za a yi masa albishir. Dokar shige da fice ta Amurka ta ce auren da ango da amarya ba su kasance wuri guda ba lokacin ɗaurinsa, ba a lissafa shi sai idan sun tare bayan ɗaurin. Ma'ana, idan an ɗaura aure a Katsina ango yana Chicago, bai kamata ya shigar da takarda ba sai ya zo, amarya ta tare, yana da hatimin fasfo da tikitin jirgi da za su nuna ya zo bayan ranar ɗaurin auren. Zuwan da ya yi kafin aure ba ya cikin lissafi.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne mace fiye da ɗaya. Dokar Amurka mace ɗaya ta sani, wato ta farko da igiyarta ke nan daram. Mai mata a Kano da ya je ya auri Ba'amurkiya, a idon dokarsu aurensa na biyu babu shi, kuma idan a can aka ɗaura, laifi ne da kotu ke hukuntawa. Haka ɗan ƙasar da ke da uwargida a can ya zo gida ya yi amarya, ba zai iya nema wa amaryar takarda a matsayin matarsa ba. Zai iya nema wa 'ya'yan da ta haifa masa, amma ita uwar sai dai ta jira ɗanta ɗan ƙasa ya kai shekara 21 ya nema mata. Fom ɗin neman zaman kuma yana tambaya ƙarara ko mutum na da niyyar zama da mace fiye da ɗaya a Amurka. Ba ina cewa dokarsu ta fi shari'armu ba ne. Ina cewa duk uban da zai ba da 'yarsa ta biyu ko ta uku ga mazaunin Amurka ya sani cewa a gida za ta zauna, kuma duk wanda ya ce masa zai ɗauke ta, ko bai san dokar ba, ko ya shirya yin ƙarya.

Na uku shi ne saki. Mu mun saba da saki na baki, ko 'yar takarda da miji zai rubuta ya miƙa. Jami'in biza yana son ganin cewa duk auren da ɗayansu ya taɓa yi ya ƙare kafin ranar sabon auren, kuma hujjar da ya fi yarda da ita ita ce ta kotu. Bazawara ko wanda ya taɓa aure ya kamata ya je kotun shari'ar Musulunci ya karɓi takardar tabbatar da sakin, da kwanan wata na gaskiya. Sakin da mazaunin Amurka ya aiko ta WhatsApp kuwa, ba lallai a karɓe shi ba. Idan aka gano auren farko bai mutu a hukumance ba lokacin da aka ɗaura na biyu, sau da yawa sai an sake ɗaura auren an sake shigar da takarda daga farko.

Auren zumunci ma yana da nasa. Jihohin Amurka sun sha bamban kan auren 'ya'yan wa da ƙani: wasu sun halasta, wasu sun hana, kuma jami'i yana iya duba dokar jihar da ma'auratan za su zauna. Haka nan amaryar da ba ta kai shekara 18 ba, takardarta tana shan bincike na musamman.

Sai kuma tsohuwar ƙarya. Mutane da yawa lokacin neman bizar ziyara sukan rubuta cewa suna da mata da 'ya'ya, don a yarda za su dawo, sau da yawa ma mai cike fom a shagon intanet ne ya rubuta musu. Wannan bayani yana nan a kwamfutarsu. Bayan shekaru mutum ya zo yana cewa bai taɓa aure ba, sai a ce ina matar da ka ambata a 2017? Ya kawo takardar saki ta matar da babu ita, ko ya amsa cewa ya yi ƙarya. Hukuncin yi wa jami'in biza ƙarya a kan abu mai muhimmanci shi ne haramcin shiga na har abada, sai in an samu afuwa. Haka batun shekarun haihuwa biyu, ɗaya a fasfo ɗaya a takardar makaranta.

Me jami'in yake nema a zahiri?

Takardar aure ba ta isa ba. Tambayar da doka ta ɗora wa jami'i ita ce: lokacin da mutanen nan suka yi aure, sun yi niyyar gina rayuwa tare? Ba a hana mutum ya so zuwa Amurka ba. Abin da aka hana shi ne ya zama takardar ce kaɗai dalilin auren.

Hujjojin da suka saba gani su ne asusun banki na haɗin gwiwa, takardar hayar gida da sunan mutum biyu, inshorar lafiya, takardar haraji ta tare, da takardar haihuwar 'ya'ya. Da yawa daga cikin waɗannan ba al'adarmu ba ce. Bahaushiya ba ta haɗa asusu da miji, ba ta sauya sunan mahaifinta, kuma kunya ba ta barin a yi ta ɗaukar hoto ana rungume-rungume. Wannan ba ya kashe takarda, amma yana nufin a tara abin da muke da shi: hotunan ɗaurin aure da kamu da walima inda dangin ɓangarorin biyu suka bayyana, katin gayyata, rasit na kuɗin cefane da ake turowa, tarihin kiran waya da saƙonni, tikitin zuwa da komawa, da rubutacciyar shaidar mutanen da suka san auren.

A ganawa ana tambayar abubuwan da ma'aurata na gaskiya suka sani ba tare da haddacewa ba: yadda aka haɗu, sunan surukai, aikin da miji ke yi, wanda ya fara tashi da safe. Idan jami'in USCIS ya yi shakka, yakan raba su ɗaki daban-daban ya yi musu tambaya iri ɗaya ya gwada amsoshin. Tazarar shekaru mai yawa, rashin harshe ɗaya, ko aure jim kaɗan bayan an fara shari'ar korar mutum, duk suna ƙara shakka, ko da yake babu ɗayansu da ya isa hujja shi kaɗai.

Katin gwaji na shekara biyu

A 1986 majalisar dokokin Amurka ta yi doka ta musamman don daƙile auren bogi. Tun daga lokacin, duk wanda aurensa bai kai shekara biyu ba a ranar da ya samu zama, katin shekara 2 ake ba shi mai sharaɗi. Cikin kwana 90 na ƙarshen wa'adin, miji da mata za su shigar da fom I-751 tare, da sababbin hujjojin cewa suna zaune tare. Idan ba a shigar ba, matsayin ya faɗi, mutum ya koma marar izini. Wannan mataki ne da mutane ke mantawa da shi bayan an gama murna.

Alƙawarin da saki ba ya warwarewa

Mai ɗauko mutum dole ya sa hannu a fom I-864, inda yake yi wa gwamnati alƙawarin ɗaukar nauyinsa. Sai ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya, wanda a 2025 ya kama dala 26,437 a shekara ga gidan mutum biyu a yawancin jihohi. Idan bai kai ba, sai ya nemo wani ya tsaya tare da shi. 

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne wannan alƙawari yarjejeniya ce da kotu ke tilastawa, kuma mutuwar aure ba ta soke shi. Yana nan har sai wanda aka ɗauko ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin da ya kai kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar gaba ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. Matar da aka saka tana iya kai tsohon mijinta kotu a kan wannan takarda. Abokin da aka roƙa ya sa hannu don zumunci, shi ma nauyin yana kansa.

Auren takarda

Akwai masu biyan wani ɗan ƙasa kuɗi a ɗaura aure na suna kawai. Hukuncinsa a dokar tarayya ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ne, da tarar da za ta iya kai dala 250,000, kuma ya hau kan su biyun har da dillalin da ya haɗa. Abin da ya fi ɗaurin zafi shi ne sashe na 204(c) na dokar shige da fice: duk wanda aka tabbatar ya taɓa yin auren bogi, ko ya yi yunƙurinsa, ba za a sake amincewa da takardar da wani zai shigar masa ba, ko da daga baya ya yi aure na gaskiya ya haifi 'ya'ya.

Akwai kuma dabarar da ake yi wa kallon wayo: mutum ya saki matarsa ta gida a takarda, ya auri 'yar ƙasa, ya samu kati, ya sake ta, ya dawo ya ɗauko ta gidan. Dokar ta san da wannan. Wanda ya samu girin kad ta aure, idan ya nemi ɗauko wata matar kafin shekara 5, sai ya kawo ƙwaƙƙwarar hujja cewa auren farko na gaskiya ne. Ta fuskar addini kuwa, abin ya yi kama da auren kisan wuta, aure ne da aka ƙulla da niyyar kwancewa. Kuma hadisi ya zo cewa abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Wanda ya rubuta wa matarsa saki don jami'in biza ya gani, ya tambayi malamai matsayin igiyarsa. A cikin wannan dabara mata biyu ake cuta, wadda aka bari a gida da wadda aka aura a can tana zaton son ta ake yi.

Idan auren gaskiya ya lalace fa?

Wannan ne ɓangaren da na fi so 'yan'uwanmu mata su sani. Saboda miji ne ke riƙe da takarda, wasu mazan sukan mai da ita sanda: in kin yi magana in janye, in sa a mai da ke gida. Mace tana ƙasar da ba ta da kowa, ba ta jin harshen sosai, sai ta haƙura da duka da wulaƙanci.

Doka ba ta bar ta haka ba. Idan aure ya mutu kafin cikar shekara biyun, tana iya shigar da I-751 ita kaɗai, ta nuna cewa da gaskiya ta shiga auren. Idan ana cin zarafinta, dokar kare mata daga cin zarafi ta 1994 ta ba ta damar nema wa kanta zama da fom I-360 ba tare da sanin mijin ba, kuma an hana hukuma sanar da shi. Namijin da matarsa ke zalunta shi ma dokar ta haɗa da shi. Wadda mijinta ɗan ƙasa ya rasu tana da shekara 2 daga rasuwar ta nema wa kanta. Miji ba shi da ikon korar kowa daga Amurka, gwamnati ce kaɗai ke da shi. Kiran 'yan sanda saboda duka ba ya ɓata takardar wadda aka daka, rahoton ma hujja ce a hannunta.

Siyasa na iya rufe ƙofar da doka ta buɗe

Ko an cika kowane sharaɗi, akwai abin da ya fi ƙarfin ma'aurata. A farkon 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, har da matan 'yan ƙasa, sai da Joe Biden ya soke umarnin ranar da ya hau mulki a Janairun 2021. A Yunin 2025 Trump ya sake fitar da jerin ƙasashe 12 da aka hana shiga, ciki har da Chadi da Sudan, amma a lokacin an keɓe mata da mazan 'yan ƙasa. A Disamban 2025 aka faɗaɗa jerin, Nijar ta shiga rukunin hani gaba ɗaya, Najeriya ta shiga rukunin da aka taƙaita, aka kuma cire waccan keɓewar ta iyali. Irin waɗannan umarni suna sauyawa da sauyin gwamnati ko hukuncin kotu, don haka wanda ke da takarda a hanya ya riƙa duba shafin ofishin jakadanci da kansa.

Kotu ma ba ta cika ceto ba. A Yunin 2024, a shari'ar Sandra Muñoz, 'yar ƙasa da aka hana mijinta ɗan El Salvador biza, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin a shigo masa da abokin aurensa ba. Hukuncin jami'in biza a ƙasar waje kusan shi ne na ƙarshe.

Masu goyon bayan tsaurarawa suna cewa auren bogi gaskiya ne, akwai dillalan da suka mai da shi sana'a, kuma kowace ƙasa tana da ikon tantance mai shigo mata. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, mu ma muna da namu iyakokin. Sashe na 26 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba, kuma Majalisar Tarayya ta ƙi gyara wannan a 2022. Masu adawa kuwa suna cewa tantance mutum ɗaya-ɗaya daban, rufe ƙofa ga ƙasa sukutum daban. A nan ina tare da su. Matar da ta kawo kowace hujja, ta ci kowane bincike, bai kamata a raba ta da mijinta da uban 'ya'yanta saboda launin fasfonta ba. Masu auren bogi sukan sami wata dabarar, masu auren gaskiya ne ke tsufa a layi.

Abin da iyali za su iya yi tun kafin a sa rana

A nemi ganin fasfon Amurka ko katin manemin da ido, a tambaye shi ko yana da wata igiyar a can ko a nan, a kuma yi maganar inda yarinya za ta zauna da wanda zai ci da ita idan jiran ya kai shekara biyu ko uku. A karɓi takardar shaidar aure ranar da aka ɗaura, da sunaye daidai da na fasfo. Duk wanda ya ce yana da hanya a cikin ofishin jakadanci, ɗan damfara ne. Idan lamarin ya haɗa da tsohon aure, zama ba izini ko wata tsohuwar ƙarya a fom, lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka ake nema, ba mai shagon cike fom ba.

Bayan aure kuma, idan miji ya ce ya shigar da takarda, akwai hanyar tabbatarwa. USCIS tana aiko da rasit mai lamba, haruffa uku da alƙaluma goma. Da wannan lamba matar za ta iya shiga shafin hukumar daga wayarta, a Kano take ko a Maraɗi, ta ga ranar da aka karɓi takardar da matakin da take kai. Ta nemi mijin ya turo mata hoton rasit ɗin.